Motar da Baba Ya Bari Ba Laka

Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu koma. Baba ya riga mu tafiya cikin daminar nan, da hantsi, yana zaune a kujerarsa ta baranda, bayan ya sha kununsa ya gama faɗa da mai gyaran famfo. Ba jinya, ba asibiti. Ni ce babbar 'yarsa, wadda yake kira Uwata saboda sunan mahaifiyarsa aka sa min. Ina rubuta wannan ne don 'ya'yana, kada su tashi su ji ana cewa "wannan tsohon mai wasa da motocin yara" su ɗauka iyakarsa ke nan.

Ban taɓa ganin zaman makokin da ake danne dariya kamar na Baba ba. Mutum zai shigo falon gidanmu na Kurudu da fuskar ta'aziyya, ya durƙusa ya ce wa Mama "ya ƙarin haƙuri," sai idonsa ya faɗa kan shogilas ɗin da ke kusurwa. A cikinsa motocin Baba suke, 'yan ƙananan motocin daji na roba waɗanda ba su fi tafin hannu biyu ba, kowacce ta yi futu-futu da laka da tsatsa kamar yanzu aka jawo ta daga rafi. Daga nan sai ka ga bakin mutum ya fara rawa.

Limamin unguwa ya ce, "Mutumin kirki ne, Hajiya, ɗan sahun farko. Sai dai ni ban taɓa ganin dattijon da zai tare ni bayan la'asar yana roƙon in bar shi ya kankari ƙasar tayar mashin ɗina ba." Tsohon ogansu na ma'aikata, wanda suka yi aikin safiyo tare a Garki, ya tsaya gaban gilashin ya daɗe, sannan ya nuna wata koriya da sandarsa. "Wallahi wannan ta ofis ɗinmu ce. Har lotsewar ƙofar! Ni na buga ta da bishiya, na roƙe shi kada ya faɗa wa kowa. Kun ga yadda ya riƙe min sirri." Ya yi ta dariya har ya koma share hawaye da hularsa.

Gwaggo kuwa, yayar Baba da ta taso daga Zariya, ba ta ga abin dariya ba. A ganinta abin kunya ne baƙi su yi ta shigowa suna kallon ƙazanta a falon ƙaninta. Washegari da safe sai ga ta da bokiti da soso, ta buɗe shogilas. Maƙwabciyarmu Maman 'yan biyu, 'yar Filato ce mai shago a Jikwoyi, ta shigo ke nan da kular shinkafar da matan cocinsu suka dafo mana. Saura kaɗan ta saki kular.

"Kai, Gwaggo, bari! Kar ka wanke shi! Wannan datti Baba ne ya sa shi da hannun shi. Aiki ne, ba datti ba ne!"

Gwaggo ta ce, "Ikon Allah. Mutum ya zauna ya ƙera datti? To ita wannan fa, me ya sa ya bar ta fes?"

Ta nuna ta ƙarshe a jere. Wata jif ce ruwan toka, an ɗaure mata 'yar katifa da 'yan kwanuka a sama, ba ɗigon laka ko ɗaya a jikinta. Mama, wadda tun da aka fita da Baba ba ta ce komai ba ban da "mun gode," ta ɗago kai ta ce, "Yaya, a rufe gilashin nan." Aka rufe.

Motar nan ce ta hana ni sukuni. Mama ta sa an juya mata tabarma tana fuskantarta. Ba ta kuka, ba ta magana, kuma ba ta cin abinci, ga ta da hawan jini da maganin da ba a sha da wofin ciki. In na kawo kunu ta ce ajiye, in na dawo in tarar ya yi sanyi. Na tsorata ƙwarai. Na ga kamar ta kama hanyar bin Baba, ni kuwa ba zan iya rasa su biyu a damina ɗaya ba.

Amma bari in faɗi yadda motocin suka shigo gidanmu, don laifin mijina ne. Baba ya yi ritaya ke nan, yana zaune yana takura wa kowa, sai aka tura mijina kwas ƙasar waje. Ya rasa tsarabar da zai kawo wa surukinsa, ya ga wani kwali da hoton jif mai kyau, ya ɗauka haɗaɗɗiyar mota ce ta ajiyewa a kan tebur. Aka buɗe a gaban Baba, sai ga tarkacen roba maƙale a jikin wasu sanduna kamar ƙayar kifi, da takarda mai zane-zane. Mijina ya so ƙasa ta tsage ya shige. Baba ya gyara tabarau, ya ɗaga sanda ɗaya ya duba, ya ce, "Au, aiki ka kawo min? Allah ya yi maka albarka." Ran nan bai yi barcin rana ba.

Daga nan kayan Mama suka fara ɓacewa. Abin yankan farcenta ne ya fara tafiya, don da shi yake tsinke 'yan gutsattsarin daga sandunansu. Sai hantsakinta, don ɗaukar madubin gefe wanda bai kai ƙwayar shinkafa ba. Ya sayi gam da samfefa da fenti da kansa, wannan kam ba a zarge shi ba. Ya haɗa motar tsaf, ya yi mata fenti, ta fito tana sheƙi. Muka yi ta yaba masa. Shi kuwa ya zuba mata ido ya ce, "Ƙarya ce wannan. Wannan ba ta je ko'ina ba."

Lokacin Abuja na tashen kuɗi ne, gini ko ta ina, kowane darakta da sabuwar jif. Baba ya tsani waɗannan motocin. In muna cikin gosulo a Nyanya sai ya leƙa ta taga ya ce, "Dube ta, Uwata. An ƙera ta don dutse da fadama, ita kuwa babbar wahalarta hawa dakalin banki." Shi ya san garin nan tun yana daji, lokacin da suke yawo da ƙarfen awo suna kwana a ƙauyukan Gbagyi. Motocin da ya sani masu tabo ne, kuma irinsu yake so ya gani.

Sai ya shiga koya wa kansa ɓata mota. Ya jiƙa soson ƙarfen Mama a gwangwani har ya narke ya zama tsatsa, ya riƙa ɗiga ruwan a gindin ƙofa da kan ƙusoshi. In yana son fenti ya yi kamar ya ɓamɓare, sai ya shafa kalar tsatsa tukuna, ya barbaɗa gishiri, ya bi da fenti, in ya bushe ya karkaɗe gishirin. Bakin salansa, inda hayaƙi ke fita, kwallin Mama yake sa masa. Gilashin gaba kuwa sai ya yanka salatif daidai inda waifa ke sharewa ya manna, ya busa ƙura, ya ɓare. Laka ita ce babban sha'ani. Yana da kwalaben magani cike da ƙasa, ta Kurudu daban, ta Karshi daban, ta Gwagwalada daban, duk ya tankaɗe su da rariyar tuwon Mama. Sai ya dama da ruwa da ɗan gam, ya tsoma tsohon buroshin haƙori, ya ja gashinsa da babban yatsa, laka ta fantsama. Na taɓa cewa bari in taya shi, na yarfa a kan rufin. Ya riƙe baki. "Haba, Uwata! Laka daga sama take faɗowa? Daga taya take tashi, ta yi baya."

Mama kuwa, duk wanda ya san ta ya san ta da tsafta. Mace ce da ke wanke sabulu kafin ta yi wanka da shi. Ran wata Juma'a Baba ya gama ɓata motarsa ta farko, wadda ya daɗe yana wahala a kanta, ya ɗora ta a tsakiyar teburin falo ya tafi masallaci. Mama na jiran baƙi. Ta ga abu ya yi butu-butu a falonta, ta ɗauka sakaci ne irin na maza. Ta kai ta bakin famfo da garin sabulu, ta dirje ta tas, har ta ɗan shafa mata mai don ta yi ƙyalli. Ta mayar ta ajiye tana jiran godiya.

Ina gidan ran nan. Baba ya shigo da sallama, ya tsaya cak, dardumarsa a kafaɗa.

"Hajiya, motar nan ta je Karshi ta dawo. Kin goge mata tafiyarta."

Mama ta ce, "To ta sake zuwa mana. Ai hanyar na nan."

Aka shiga yaƙi. Yaƙin Baba shi ne ya ci abinci tas ya tashi bai ce "sannu da aiki" ba. Na Mama kuwa shi ne ta kulle kicin ta rataya makulli a wuya. Mu 'ya'ya muka yi ta kai da kawo ta waya kamar masu sasanta ƙasashe. Daga ƙarshe Mama ce ta kwashe tangaran ɗinta daga shogilas ta bar masa, da sharaɗin dattinsa ya tsaya bayan gilashi, kuma a dawo mata da rariyarta. Baba ya je kasuwa ya sayo mata sabuwa fil. Bai daɗe ba ya gano sabuwar ta fi laushin ido, ya sace ta ya mayar mata da tsohuwar.

Ba don kansa kaɗai yake yi ba. Mijin Maman 'yan biyu yana da wata a-kori-kura da yake ɗauko doya da ita daga Karshi. Da ya kwanta ciwo aka sayar da ita, daga baya shi ma ya rasu. Baba ya riƙa zuwa shagonta yana sayen abin da ba ya buƙata, yana yi mata tambayoyi. Wace fitila ce ta fashe? Wane gefe ya fi ɗora kaya? Ta ɗauka hira ce ta tsofaffi. Ran Kirsimeti ya aika mata da kwali. A ciki ga motar mijinta, ta karkace hagu yadda ta saba, bayanta cike da 'yan doyoyin da ya mulmula da yumɓu. Ta zo gidanmu da gudu ba takalmi. "Baba, har igiya na ƙofa? Wa ya gaya maka igiya na ƙofa?" Ya ce, "Ke mana." Ta zauna daɓas a ƙasa tana kuka tana dariya. Har yau motar na shagonta tsakanin gwangwanayen madara, kuma ba mai taɓa ta.

Jif ɗin nan ruwan toka ita ce aikinsa na ƙarshe. Motar ma'aikata ce da ya aro, ya ɗauko Mama da ita daga Zariya zuwa Abuja bayan bikinsu, su biyu da kayan ɗakinta a sama. Abin da muka sani tun muna yara shi ne motar ta kafe a laka bayan Suleja, kuma Allah ya fitar da su. Iyakar labarin ke nan, in ka ƙara tambaya Mama ta aike ka wanke-wanke. Baba ya ƙera katifar da guntun soso, kwanukan da murafen alƙalami. Da ya zo kan laka sai ya tsaya. Kullum bayan karin kumallo sai ya jera kwalabensa a gabanta.

"Hajiya, lakar ran nan ja ce ko baƙa?"

"Ban tuna ba."

"To ƙofar baya fa, yaya ta kasance?"

"Alhaji, ni ina cikin mayafi, me na gani? Ka zuba kowacce mana, wa zai sani?"

"A'a. Ba na yi wa mota ƙarya. Sai kin tuna."

Yana faɗa yana wani murmushi, ita kuma ta harare shi ta tashi. Na ɗauka tsokana ce irin tasu. Ko a safiyar da ya rasu sai da ya tambaye ta, ta ce masa ba ta tuna ba.

Bayan addu'ar bakwai Gwaggo ta fara haɗa kayanta. Da safe ne, an kwana ana ruwa, ni ina tsaye da wani kunun da na san ba za a sha ba. Gwaggo ta ce tunda ba a bari a wanke sauran ba, ita za ta tafi da mai tsaftar nan ta kai wa jikanta, ita kaɗai ce za a iya nuna wa mutane. Ta miƙa hannu.

Mama ta ce, "Yaya, ba a gama ta ba." Sai ta juyo gare ni. "Ke, ajiye kofin nan. Ɗauko min kwalabensa, da gam, da buroshin."

Na kawo. Ta buɗe kwalaben ɗaya bayan ɗaya tana murzawa a yatsa tana tsaki. "Duk ba ita ba ce. Baƙa ce, ta fadama, mai santsi. Je ki gindin ayabar bayan gida ki ɗebo min." Na ɗebo. Mama, mai wanke sabulu, ta sa hannu cikin laka ta dama, ta ɗiga gam daidai yadda Baba ke yi, ta gwada kaurin a bayan hannunta. Na ce, "Mama, a ina kika koya?" Ta ce, "Kina zaton ba na kallo?"

Ta tsoma buroshi, ta saita shi, ta ja da yatsa. Ashe ta juya shi baibai. Laka ta fantsamo mata a fuska, saura ta sauka a farin mayafin Gwaggo. Gwaggo ta yi salati. Mama ta tsaya, laka na gangarowa a hancinta, sai kafaɗunta suka fara girgiza. Dariya take yi.

Ta ce, "Haka ta yi min ran nan. Wallahi haka ta yi min."

Sai labarin ya fito. Da motar ta kafe ba kowa a hanyar, ga hadari ya taso. Baba ya yi ta ba ta wuta tana ƙara nutsewa. Mama na zaune a baya cikin lulluɓi, amarya ɗanya, tun daga Zariya ba ta ɗaga ido ta kalle shi ba. Da ta ga katifarta za ta jiƙe, sai ta yaye mayafi, ta ɗaure zani, ta fita ta kama ƙofar baya ta tura. Taya ta juya ta wanke ta da laka tun daga goshi har ƙafa. Motar ta fita, ita kuma ta kife a ciki.

"Na tashi na same shi a taga na ce, Malam, kai ba ka iya tuƙi ba ne? Maganar da na fara yi masa ke nan a matsayin mijina. Ya kalle ni, ba abin da ake gani sai idanuna, ya kwashe da dariya har ya kwanta a kan sitiyari. Ni ma na kama. Sai na sa shi ya yi min alkawari ba zai taɓa faɗa wa kowa ba, don in aka ji a Zariya amarya ta tura mota, na shiga uku."

Gwaggo ta ce, "Ai kuwa da kin shiga."

"Bai faɗa ba, Yaya. Har ya koma ga Allah bai faɗa ba. Ya san kalar lakar sarai. So yake in ce masa ya sa."

Ta gyara buroshin, ta bi tayoyin baya, ta bar lakar ta tashi ta yi baya. Sannan ta karɓi tsinken ashana, ta fere bakinsa, ta tsoma, ta yi 'yan tambura biyu a ƙofar baya, kowanne da yatsu biyar. Ta daɗe a kansu, harshenta a waje kamar mai sa zare a allura. Da ta gama ta ɗaga motar ta juya ta a hasken taga.

Ta ce, "Ashe da daɗi. Mutumin nan yana ta jin daɗin nan shi kaɗai, bai taɓa cewa in zo in gwada ba."

Na ce, "Ya ce, Mama. Kullum yana cewa."

Ta ce, "Ya ce." A nan kukan ya zo mata, irin wanda muka yi ta jira. Gwaggo ta rungume ta da mayafinta mai laka, ni ma na faɗa kansu, muka yi mai isarmu. Ban taɓa jin daɗin kuka kamar na ran nan ba.

Ya Allah, ga bawanka nan ya zo maka. Ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa makwancinsa, ka saka masa da alherin dariyar da ya bar mana a gida, ka haɗa shi da matarsa a Aljanna bayan ta yi tsawon rai.

Da Mama ta share fuska ta ce in ɗumamo kunun nan, kuma in haɗo da ƙosai, don yunwa take ji kamar ta ci babu. Ta shanye tas, ta haɗiyi maganinta. Ina kwashe kwanuka ta kira ni.

"Ke, duba ƙarƙashin gadon babanku. Akwai wani kwali da mijinki ya kawo, bai buɗe ba. Takaba doguwa ce, ba zan zauna haka nan ba."